Wuraren bakin ruwa na kai ziyara: abin da aka tsayar a tattaunawa

1. Tafkin Lagdo na arewacin Kamaru ne aka fi ambata, don yana kusa da Garwa. An yarda a je tsakanin Nuwamba da Fabrairu, hanya ta bushe, zafi bai taso ba. Kada a hau kwalekwale sai da rigar ceto, kuma a dawo kafin la'asar. Dorina mai ɗa ba ta da wasa, a bi maganar masunta.

2. Kada yara su yi wanka a kwantaccen ruwa, ko a Lagdo ko a tafkin Maga, saboda tsargiya. Wannan ba wanda ya musa.

3. Kribi, garin bakin teku a kudancin Kamaru: jirgin ƙasa na dare daga Ngaundere zuwa Yawunde, sai mota. A ga inda ruwan kogin Lobe ke zubowa kai tsaye cikin teku. Igiyar ruwa tana jan mutum daga ƙasa, wanda ya saba da kogi kada ya wuce gwiwa.

4. Kan tafkunan Uniyanga 18 na arewacin Chadi aka rabu. Wasu sun ce kyansu ya ci kuɗinsa, wasu sun ce tafiyar kwanaki a Sahara ta yi wa iyali nauyi. Masu zuwa: motoci 2, ɗan jagora, mai da ruwa na ƙari.

5. Tsibiran Tafkin Chadi a bar su tukuna, saboda tsaro.