Kunkuruna ya daina buɗe ido tun da na sa masa sabuwar fitila

Mai tambaya, daga Aboabo, Kumasi:
Salamu alaikum 'yan'uwa. Ina da kunkuru irin na kurmi, wanda bayan ƙoƙonsa ke lanƙwashewa ya rufe ƙafafun baya. Shekara biyu yana hannuna lafiya lau. Makon jiya na koma ɗakin haya a saman bene, babu tsakar gida, sai na sayo ƙwan fitilar UV (wani haske irin na cikin rana da ido ba ya gani) mai murɗaɗɗen gilashi na rataya masa a akwati. Yau kwana uku idonsa a rufe, fatar idon ta kumbura, ruwa na zuba, sai goga fuska yake da ƙafar gaba. Gwandar da yake so ko shinshinawa bai yi ba. Wallahi hankalina ya tashi. Wa ya taɓa ganin haka?

Mai walda, daga Suame:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, tashi ka kashe fitilar nan tukuna, sannan ka dawo ka karanta sauran. Duk mai walda a Magazine, unguwar makanikai ta Suame, ya san daren da haske ya kama masa ido: a wurin aiki ba ka jin komai, sai cikin dare ka farka kamar an watsa maka yashi. Hasken UV ne ke ƙone saman ƙwayar idon. Abin da ya sami hawainiyata ke nan, kuma kuskurena ya fi naka muni. Dogon ƙwai na sa mata, irin na akwatin da masu aski ke ajiye injinsu, don mai shagon ya ce mini UV duk UV ne. Ashe na masu aski UVC ne, na kashe ƙwayoyin cuta, bai kamata ya haska mai rai ba. Dabba UVB take buƙata, da shi jikinta ke yin bitamin D3 don ƙashi ya yi ƙwari. Da na cire shi, wajen mako guda ta fara juya idonta kamar da. Tazarar fitilarka da kansa nawa ce?

Mai tambaya:
Yaya, ba ta kai taƙi ɗaya ba. Kuma kwana take a kunne.

Mai walda:
To ga matsalar nan. Yawancin waɗannan ƙwayayen sai an ba su kamar santimita 30, daga sama, ba daga gefe inda za su haske ido kai tsaye ba, kuma a kashe bayan awa 12. Naka ma ɗan ƙarƙashin ganye ne, inuwa da danshi yake so. Kifa masa rabin tukunya ya riƙa ɓuya.

Hajiya, daga Asawasi:
Ɗana, don Allah kada ka sa masa tozali ko ruwan sukari, za a ba ka wannan shawarar. Ni maƙwabciyata ta miƙo mini maganin ɗigawa na mutane, Allah ya sa na fara kai nawa kunkurun wurin likitan dabbobi. Ya ɗiga masa wani ruwa rawaya, ya haska da fitila shuɗiya, sai ga ƙujewa ta fito kore shar a kan idon. Ya ce maganin hannuna akwai sitiroyid a ciki, da na sa da miki ya ƙaru. Ruwan gishiri na kemis, mai kashi 0.9 cikin ɗari, shi kaɗai na riƙa wanke masa da auduga safe da yamma, sai man da likitan ya rubuta. In ka ga farin kwantsa mai kauri ko majina a hanci, kada ka jira. Akwai makarantar likitancin dabbobi a jami'ar KNUST da ke Kumasi, ka tambaya a can.

Wani ɗan'uwa, daga Sawaba:
Tawa kififiyar ba fitila ba ce, ƙarancin bitamin A ne ya kumbura mata ido. Ka duba cimarsa ma. Hunturu kuma ƙura na shiga musu ido.

Hajiya:
Gaskiya ne. Ni dai tun daga lokacin, hasken rana nake ba nawa. Da hantsi ina fitar da shi kamar rabin awa, rabin wurin a inuwa, da ruwa a faranti. Ta bayan gilashin taga ba ta da amfani, gilashi na tare UVB. Kuma kada ka bar shi a roba cikin rana ka tafi, zafi na iya kashe shi. Amma ka bari idon ya warke tukuna.

Mai tambaya, bayan kwana shida:
Alhamdulillahi. Likita ya duba, babu miki. Idon hagu ya buɗe tun shekaranjiya, na dama rabi-rabi. Ɗazu na fasa masa dodon koɗi, ya miƙo wuya ya cinye tas. Hajiya, yaushe zan fara fitar da shi baranda?