A Cire 'Yar Tayar Ɗame Sarƙa Ko A Bar Ta?

Mai Jan Keke: Salamu alaikum jama'a. Na ɗora wa kekena injin nan ɗan China da ake kira 80cc. Tun jiya sau uku sarƙa tana sauka, a na ukun 'yar tayar da ke ɗame ta ta karkace ta faɗa cikin wayoyin ƙafar baya, ta tsinka min huɗu. Ni dai na yanke: abin nan ba shi da amfani, kowa ya cire nasa ya yar.

Baban Gareji: Wa'alaikumus salam. Allah Ya tsare gaba. Amma yaro, ka bar jaki kana dukan taiki. Tsuguna bayan keken ka hangi sarƙar: daga ɗan faranti mai haƙora 10 na inji zuwa babban mai haƙora 44 na baya, ta miƙe sak ko ta gauce? In ta gauce, ita ce ke jan 'yar tayar gefe.

Ɗan Acaɓa: Baba, da girmanka, gaskiyarsa ce. Maƙalin 'yar tayar nan matse shi kawai ake yi a jikin bututun firam, girgizar inji kuma tana kwance shi a hankali. Ni rage sarƙar na yi, na jefar da shi, shiru kake ji.

Baban Gareji: Kai sa'a ka taka. Keken nan sarƙa biyu gare shi, ta feda a dama, ta inji a hagu. Ka ja ƙafa baya don ɗame ɗaya, ɗayar ta saki ko ta ƙage. Sabuwar sarƙa kuma sai ta ɗan miƙe. Da me za ka kwashe sakin?

Mai Walda: A huda firam ɗin a sa ƙusa mana, ba zai sake juyawa ba.

Ɗan Acaɓa: Ka huda siririn bututun da ke ɗauke da kai? Ban da ni.

Baban Gareji: Ban da ni ma. Gara a sayi 'yar taya mai sifirin, wato naɗaɗɗen ƙarfe mai ja da kansa, irin wadda ake ɗaurewa a jikin inji. Mai Jan Keke, ɗaga ƙafar ka juya ta a hankali. Sarƙar tana ɗamewa a wani wuri ta saki a wani?

Mai Jan Keke: Wallahi haka take yi, Baba.

Baban Gareji: To farantin baya bai zauna tsakiya ba. Sassauta notinan nan tara masu matse shi da roba a kan wayoyi, ka daidaita shi, ka ɗaure kaɗan-kaɗan, wannan sai wanda ke fuskantarsa a ɗaya gefen, ba a jere ba. Ka bar wa sarƙa wasa kamar santimita ɗaya da rabi. Ɗan makullin mahaɗinta kuma, rufaffen bakinsa ya kalli inda sarƙa ta nufa.

Ɗan Acaɓa: Duk na yarda, amma nawa ba zai koma ba.

Mai Jan Keke: Bari a fara sa min wayoyin tukuna, gobe na zo da labari.