Yaya za a tsara godiyar iyali a gidan haya a wannan sanyin Agusta?

Maman Tagwaye, Nima

Salama a gare ku, 'yan'uwa cikin Almasihu. Yaya sanyi? Zumuntar matan ikilisiyarmu ta ɗora wa rukuninmu aikin fitar da ɗan tsarin godiya da kowane gida zai bi daga yanzu zuwa ranar bikin godiyar kaka na coci. Lokacin ya dace: ruwan Yuni ya ɗauke, gari ya yi sanyi, sabuwar masara ta shigo, yara kuma suna gida hutu.

Sai dai yawancin matanmu a ɗaki ɗaya ko ciki da falo suke zaune, a gidan haya mai cike da jama'a, maƙwabta da dama Musulmi ne. Mazaje kan fita tun gari bai waye ba don su sami trotro (ƙaramar bas ta haya a Accra), su dawo bayan duhu a gajiye. Yara kuwa in an ce su yi godiya, kullum "na gode don abinci" ne, shi ke nan. Wane lokaci ya fi, minti nawa, me za a karanta? Tsakanin miji da mata fa, yaya ake yi kada abin ya zama na baki kawai? Kuma me ya kamata a kai coci ranar bikin ba tare da an kunyata marasa hali ba? Iyaye da malamai, a taimake mu.

Malamin Makarantar Lahadi, Madina

Mama, sannu da ƙoƙari. Ku cire safiya daga lissafi. Gidan da maigida ke fita ƙarfe biyar, uwargida kuma tana kan wutar koko ko waakye (shinkafa da wake) na sayarwa, addu'ar safe ba za ta wuce jimla biyu a bakin ƙofa ba, kuma hakan ya isa. Zaman godiya na dare ne. A Accra rana kan faɗi jim kaɗan bayan ƙarfe shida, maƙwabta kan idar da Isha'i wajen bakwai da rabi zuwa takwas saura kwata. Daga nan ne lokacinku, da zarar an gama cin tuwo, kafin a kwashe kwanoni. In aka bari kowa ya tashi, wannan ya nufi talabijin, wancan ya ɗauki waya, ba za a sake tara su ba.

Minti goma sha biyu zuwa sha biyar, kada ya wuce. Baiti ɗaya na waƙa da murya ƙasa-ƙasa, ba tafi ba ganga, don bango ɗaya kuke da maƙwabci. Sai karatu, aya uku zuwa shida. Sai zagayen godiya, wanda shi ne zuciyar abin. A ƙarshe mutum ɗaya ya tattara abin da aka faɗa ya miƙa ga Allah cikin gajeriyar addu'a, gobe wani ya karɓa, har ƙaramin yaro.

Maganin "na gode don abinci" sharaɗi uku ne. Abin da za a ambata ya faru yau. A faɗi ta hannun wa ya zo. Kuma ba a maimaita na jiya. Yaron da aka riƙe da waɗannan zai koma cewa, "Na gode wa Allah don gasasshiyar masarar da Yaya ta raba da ni, ta ba ni gefen da ya fi laushi." Wannan yaro ya fara lura ke nan. A fara daga auta a hau zuwa babba. In uba ya fara, kowa zai kwaikwayi bakinsa. A sayi littafin rubutu guda na makaranta, yaron da ya fi iya rubutu ya riƙa sa kwanan wata da layi ɗaya na kowa. Ranar Lahadi da yamma a karanta na mako duka.

Karatun kuwa, ku bi abin da ido ke gani. Makon farko ruwa da abinci: Zabura 65:9-13, inda ake yabon Allah mai shayar da kunyoyi da tausasa ƙasa da yayyafi, sai Farawa 8:22 da Ayyukan Manzanni 14:17. Mako na biyu lafiya: Zabura 103:1-5 da Luka 17:11-19, kutare goma da aka warkar, ɗaya kaɗai ya komo, shi ma Basamariye. Na uku zaman gida: Karin Magana 15:17 da 17:1, da Kolosiyawa 3:12-17. Na huɗu nunan fari, Maimaitawar Shari'a 26:1-11, don ya kai ku ga ranar biki. Inda akwai ƙananan da ba su iya karatu ba, Zabura 136 ta fi kowace: aya 26 ce, kowace tana ƙarewa da amshi ɗaya game da madawwamiyar ƙaunar Allah, babba ya ja, yara su amsa. Yaranmu na nan sun fi sakin baki da karatun Turanci, don haka uwa ko uba ya karanta da Hausa, yaro ya bi da tasa fassarar. Gidan da ake Kusasi ko Frafra ko Dagare a ciki, a bar kowa ya yi godiyarsa da harshen da ya fi zama masa daidai.

Abu biyu ke kashe wannan zama. Na farko, godiya ta juye roƙo: an fara da "mun gode" sai a zarce kuɗin haya da kuɗin makaranta, a tashi da zuciya mai nauyi. Roƙo halal ne, Filibiyawa 4:6 ma ta haɗa su, amma ku ware masa darensa, Laraba misali. Na biyu ya fi muni, wato babba ya mai da zaman kotu: "kai da ba ka wanke kwano ba, da wane baki za ka yi godiya?" Yaron da aka tsawata wa a zagayen godiya sau biyu, a na uku barcin ƙarya zai yi.

Kaka Mai Shawarar Aure, Ashaiman

'Yata, abin da Malam ya faɗa daidai ne, amma na miji da mata ba a gaban yara kaɗai yake ba. Akwai godiyar da ake yi su ji, don su koya, akwai wadda ake yi bayan sun kwanta.

Ku koya wa matanku, su ma su isar wa mazansu, cewa aikin da ake yi kullum shi ne aka fi mantawa. Kuɗin cefane da aka ajiye a kan tebur da asuba. Katin wuta da aka saya kafin mita ta yi kuka. Galan ɗin Kufuor (jarkar ɗiban ruwa) shida da aka jido daga famfon unguwa ranar da ruwa bai zo ba. Rigar aiki da aka shanya a ɗaki aka goge da gawayi domin rana ta ƙi fitowa. Kowa na cewa ai hakkinsa ne, ai aikinta ne. To hakki ne, amma yaba kyauta tukwici, wanda aka ga wahalarsa gobe da sauƙin zuciya zai tashi. A ambaci abin da sunansa, a ranar da aka yi shi: "Baban Tagwaye, na ga ka taka daga shataletalen Circle da ƙafa don kuɗin kifi ya cika, Allah ya saka." "Sannu da aiki" ta baki ɗaya tana da kyau, sai dai ba ta nuna an gani.

Kada a ɗaura mata "amma" a wutsiya. "Na gode da kuɗin, amma bai kai ba" ƙorafi ne, kuma kunne ƙarshen magana yake riƙewa. In kuɗin bai kai ba, a gode yau, gobe da rana a zauna a yi lissafi da farashin olonka (gwangwanin awo) a gaba. Kada kuma godiya ta zama sharar fagen roƙo. Namiji ko mace, da zarar an gane cewa yabo na zuwa ne kafin buƙata, an daina jin sa. Maza su sani 1 Bitrus 3:7 ta ɗaura girmama mace da karɓuwar addu'arsu, ba ƙaramar magana ba ce. Daren da aka saɓa kuwa, kada a yi zaman godiya da fuska biyu, yara na gani. A gajarta, a karanta Zabura, a sallame su, sannan manya su bi Afisawa 4:26.

Magana ɗaya da nake so ku faɗa a fili a zumunta: godiya ba murfin zalunci ba ce. Macen da ake duka, ba a ce mata ta ƙirga albarkunta ta yi shiru. A kai maganar ga dattawan ikilisiya, a kuma san cewa Ghana na da dokar hana cin zarafi a cikin gida tun 2007, da sashen 'yan sanda na DOVVSU da ke karɓar irin wannan ƙara.

Nas, Maamobi

Mama, a tuna cewa ba kowane gida ne damina ta yi wa daɗi ba. Waɗanda ke bakin babban gwata da gefen kogin Odaw, wasu katifarsu ba ta gama bushewa ba, wasu kuma duk Yuni na tuna masu da daren 3 ga Yuni 2015, ambaliya da gobarar gidan mai a Circle da suka ci rai fiye da 150. Irin waɗannan gidaje a ba su Habakuk 3:17-18 da Makoki 3:22-23, kada a matsa masu su yi fara'a. 1 Tasalonikawa 5:18 cewa ta yi a yi godiya a cikin kowane hali, ba ta ce halin ya yi daɗi ba.

Makon lafiya kuma a haɗa shi da aiki. Sauro na iya tashi daga ƙwai zuwa mai cizo cikin kwana bakwai zuwa goma, don haka kowace Asabar a kifar da gwangwani, tsohuwar taya da bokitin da ruwa ya kwanta, a rufe durom. Sabon gidan sauro a shanya shi a inuwa kwana guda kafin a kwana ciki, in ba haka ba fuska za ta yi zafi a ce ba ya da kyau. Zazzaɓi a gwada jini kafin a sha magani. A duba katin inshorar lafiya (NHIS) na kowa, ana sabunta shi ta *929# da kuɗin waya (MoMo).

Ma'ajin Ikilisiya, Accra New Town

Kan ranar biki, Mama. Ku raba kayan gida biyu tun a sanarwa: masu ajiyuwa da masu lalacewa. Shinkafa, gari, wake, man ja, sabulu, waɗannan za su jira rabo. Tumatir, ayaba, ƙwai da ɗanyar masara dole su fita a ranar, don haka a rubuta sunayen gwauraye, marasa lafiya da gidajen da ruwa ya shiga tun mako guda kafin nan, a sa wanda zai kai wa kowa. Firistoci 19:9-10 ta ware kalar gona don matalauci da baƙo, ba don a sayar ba.

Kaya biyu ke ba mu wahala a wannan lokaci. Sabuwar doya ruwa ne a cikinta, fatarta ba ta yi ƙwari ba. In aka wanke ta ko aka jibge ta a ƙasan siminti, inda ta ƙuje nan za ta fara ruɓa. A jera ta a kan katako inda iska ke shiga. Tsabar sabuwar masara kuma sau da yawa ba ta bushe ba, ga shi Agusta rana ba ta da ƙarfi. In aka ɗaure ta a buhu haka, za ta yi fumfuna, wadda gubarta ke lahanta hanta, dafuwa kuma ba ta kashe ta. Gwajin mai sauƙi ne: a zuba tsabar da busasshen gishiri cokali biyu a busasshiyar kwalba, a rufe, a girgiza, a bar ta minti goma sha biyar, a sake girgizawa. In gishirin ya manne a jikin kwalba, a mayar da ita shanya. Kifi kuwa, daga Yuli zuwa Satumba ne teku ke sanyi kifin amane ke yawa, ƙyafaffe daga Chorkor ko Tema ya fi ɗanye dacewa da baiko.

Kunyata marasa hali daga lasifika take fitowa. Baikon da ake yi rukuni-rukuni bisa ranar makon da aka haifi mutum, wanda ake kira "Kofi ne Ama", yana da armashi, mu ma muna da Danladi da Ladi, Danjuma da Jummai, sai a faɗi jimlar rukuni kawai, ban da adadin mutum ɗaya. Gwanjo in za a yi, a taƙaita shi, don shi ne inda mai kuɗi ke haskawa mai olonka ɗaya na gari ya sunkuyar da kai. Ambulan iri ɗaya ga kowa, ba suna. Mutum biyu da ba dangin juna ba su ƙirga, su sa hannu, a karanta rahoto Lahadi mai zuwa. Kowane gida ya ajiye gwangwani tun makon farko, ana jefa abin da ya samu bayan zaman dare, ko sidi ɗaya ne, don kada kowa ya ci bashi saboda biki.

Maman Tagwaye, Nima

Allah ya saka da alheri, iyayena. Saura ɗaya: wasu matanmu mazansu ba sa zuwa coci, wasu ma ba Kirista ba ne. Su yaya za su yi?

Kaka Mai Shawarar Aure, Ashaiman

Ta fara neman izininsa da rana, ba a gaban yara ba, ta faɗa masa minti nawa ne da abin da za a yi. In ya yarda, ta yi da yaran a lokacin da ba zai hana shi cin abinci ko salla ko hutu ba. Kada ta aika yaro ya kira shi, kada kuma ta yi addu'ar habaici yana ji. 1 Bitrus 3:1-2 hali ta sa a gaba, ba yawan magana ba. Yaran su riƙa ambaton abin da ubansu ya yi masu a cikin godiyarsu, su je su faɗa masa da bakinsu. In bai yarda da zaman ba sam, ta bar littafin rubutun da waƙar, ta yi zagayen godiyar da yaran a bakin murhu lokacin da ake jiran tuwo ya nuna.