Hoto na fita tas amma ta tagar leƙawa dishi-dishi nake gani

Mai_Hoto_Fagge:
Salam 'yan uwa, Canon 600D ce da lens 18-55mm, in na sa ido a tagar leƙawa komai dishi-dishi har lambobin ƙasan nan, amma hoton in ya fito a allo garau yake. Kyamarar ce ta lalace ko idona ne?

Baban_Studiyo:
Wa alaikumus salam ƙanena, kyamararka lafiyarta lau. Duba gefen tagar ta sama daga dama akwai wani ɗan ƙaramin wili, shi ke daidaita tagar da ƙarfin idon mutum, daga -3 zuwa +1, bai shafi hoton ba sam. Ka taɓa maɓallin ɗauka rabi lambobin su kunno, sai ka riƙa murzawa a hankali har su fito rangaɗau, lambobin za ka kalla ba mutumin da ke gabanka ba.

Hajjo_Kamara:
Kuma ka fara yin zum kafin fokas, irin wannan lens ɗin in ka murza zum bayan ka saita fokas yakan goce. In kana MF, wato kana saita fokas da hannu, kunna allo ka ƙara girma sau 10 ka duba idon mutum.

Mai_Hoto_Fagge:
Wallahi wilin ne yaya, ya washe. Na gode ƙwarai.