Ƙanena na son zama jagoran masu hawan duwatsun Abzin

Ɗan Birni: Assalamu alaikum. Ƙanena ya gama lise, ya kafe shi aikin gid zai yi, ya riƙa kai baƙi duwatsun Abzin. Mu kuwa iyakar hawanmu duwatsun nan na Birni da muke zamiya a kansu muna yara. Duk wanda ya taɓa bin jagora ya faɗa mana abin da idonsa ya gani.

Tsohon direba: Wa alaikumus salam. Na daɗe ina jan kat-kat ɗin masu yawon buɗe ido daga Agadas zuwa Timiya da Iferwan, kafin tawayen 2007 ya karya kasuwar. Wata rana cikin Agusta muka yada zango a cikin kori, wato busasshen rafi, yashi lallausa, ga inuwa. Jagoranmu wani dattijon Buzu ne, bai taɓa zama aji ba. Ya ɗaga kai ya dubi gabas, ya ce a naɗe kaya a hau tudu. Ko ɗigo bai taɓa mu ba. Nasara suna ta gunaguni, ni ma a zuci na ce tsohon nan ya cika fitina. Can tsakar dare sai muka ji ruri kamar tirela ta taho. Ruwa ne, ɗauke da itatuwa da duwatsu, ya shafe wurin da muka hura wutar shayi. Ashe hadari ya hango a kan duwatsu can nesa, ya kuma san korin da ruwan zai biyo. Yaro ya nemi irin wannan dattijo ya riƙe masa jaka, ko da shekara uku ne.

Malamar asibiti, Zango: Baba direba, ban musa maka ba, amma a ji nawa. Mun hau Bagazam cikin Janairu, kayanmu a kan jakuna. Can ne ƙololuwar da ta fi kowace tsawo a Nijar, mita 2,022, kuma sanyin asuba sai ka kasa riƙe kofi. Wajen saukowa ƙawata ta zame. Jagoranmu ya san kowace rijiya da kowane mai garka da sunansa, sai ga shi ya kama ƙafar zai ja, wai targaɗe ne. Da ƙyar na hana shi, karaya ce. Da sandar jaki da rawaninsa muka ɗaure ta. Ba don ina wurin ba fa? Ku tura yaron ya koyi taimakon gaggawa tukuna.

Ɗan Garin Malam: Lokacin da nake karatu a Faransa na zauna gida ɗaya da wani mai neman takardar wannan aiki. A can sana'a ce mai doka. Ƙungiyar jagororin Shamoni, a gindin dutsen Mon Bulan, tun 1821 take, ta duniya kuma an kafa ta a 1965. Kafin ma a karɓe ka makarantar sai ka kawo jerin duwatsun da ka riga ka hau, sannan shekaru na horo da jarrabawa, hawan ƙanƙara, igiya, ceton wanda ya rufta rami. Abokin zaman nawa dawowa yake da yatsu duk a tsattsage. Abzin ba ruwanta da gudun kan ƙanƙara, don haka kada a sayar da gona a kai yaron Faransa. Faransanci yana da shi, ya ƙara Ingilishi, kuma dole ya iya Buzanci, in ba haka ba shi ma baƙo ne.

Ɗan Birni: Na gode ƙwarai. Hajiya, zancenki ya shige shi, ya ce wata mai kamawa zai shiga koyon taimakon gaggawa. Baba, dattijon nan yana raye?

Tsohon direba: Allah ya yi masa rasuwa. Ɗansa na nan Timiya yana noman lemu da rumman, aikin ya yi ƙaranci. Ka turo mini yaron ran Juma'a bayan masallaci, mu kira shi.