Yadda ake daidaita kusurwar ɗaki kafin a haƙa harsashi

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Za mu haƙa harsashin ɗaki mai tsawon ƙafa 16 da faɗin ƙafa 12. Yaya za mu tabbatar kusurwoyin ba su karkace ba?

Magini: Wa alaikumus salam, Malam. Tef da igiya sun wadatar. Kafa turke a kusurwa, ka ja igiya biyu daga jikinsa, ɗaya ta bi tsawon ɗakin, ɗaya ta bi faɗinsa, ka auna ƙafa 3 a kan igiya ɗaya, ƙafa 4 a kan ɗayar, ka sa alama. Idan tsakanin alamomin ƙafa 5 ne cif, kusurwar ta zauna. In ya wuce 5 ta buɗe, in bai kai ba, ta matse. A ja igiyar ta miƙe sosai, don mai sako-sako tana ɓata awo.

Malamin lissafi: Ƙa'idar Pythagoras ce, wato dokar lissafi ta alwatika mai kusurwa daidai irin ta ɗaki: 3 sau 3 da 4 sau 4 sun ba da 25, wato 5 sau 5. Faɗi da tsawon ɗakinka, ƙafa 12 da 16, ninki huɗu ne na 3 da 4, saboda haka daga kusurwa zuwa kishiyarta ƙafa 20 za ka samu.

Mai saka tayil: Don Allah a auna daga kusurwa zuwa kishiyarta ta ɓangarorin biyu. In suka bambanta ko da inci 2 ne, sai an yanka tayil a karkace a gindin bango.