Abin da masu duba hoton asibiti a Damagaram ke so a allo

A hirar da muka yi da ƴan ɗakin hoto, an fi daɗewa kan hasken sikana. A ma'aunin Hounsfield, wanda sikanar CT ke auna yadda kowane sashen jiki ke tare hasken X-ray da shi, ruwa 0 ne, iska -1000, amma allo na yau da kullum matakan launin toka 256 kawai yake nunawa, ba zai iya nuna duka a lokaci ɗaya ba. Shi ya sa suka ce a sa maɓallin daidaita haske ɗaya na huhu, ɗaya na ƙashi, ɗaya na ƙwaƙwalwa, likita ya daina jan linzami yana lalube.

Sunan majinyaci da alamar dama ko hagu kuwa, kada su ɓace ko an juya hoton. Nan na fi yarda da su.

Wata ungozoma ta ƙara nata: awon kan jariri ya riƙa adanuwa da kansa a na'ura, don wuta kan ɗauke ba sallama. Hotuna kuma su fita a tsarin DICOM, wato tsarin bai ɗaya na ajiye hotunan asibiti, su buɗu ko a Yamai.